Arduino Uno, Raspberry Pi Pico ko ESP32: wanne ya dace da sake gina Space Invaders?

Mai son ya sake gina tsohon wasan kwamfuta a kan ƙaramin bod yakan tsaya ne tsakanin abu uku: Arduino Uno ko ƙaninsa Nano, Raspberry Pi Pico, da kuma ESP32. Kowannensu maikrokwantirola ne, wato guntu guda da ya haɗa injin lissafi da ma'ajiya da ƙafafun da ake jona maɓallai da sikirin. Yawancin masu saye gudun injin suke fara dubawa, alhali a harkar wasa ba shi ne ke fara kawo cikas ba. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki a cikinta, ita ce ke fara ƙarewa, bayanta sai hanyar da hoto ke bi kafin ya isa sikirin.

Don kada maganar ta tsaya a iska, za mu auna su da wasa ɗaya, Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito na Japan a 1978. Injinsa na asali Intel 8080 ne mai gudun kusan MHz 2, da ROM, ma'ajiyar dindindin da kod ɗin wasan yake ciki, mai KB 8, da RAM mai KB 8. A cikin RAM ɗin nan, bayit 7,168 duk na hoto ne, domin sikirin ɗin ɗigo 256 ne sau 224, kowane ɗigo bit ɗaya, ko fari ko baƙi. An tsayar da sikirin ɗin a tsaye, don haka mai wasa faɗi 224 da tsayi 256 yake gani. Dodanni 55 ne, layi 5 kowanne da 11, ga garkuwa huɗu, kuma harsashinka ɗaya tak ke iya kasancewa a sama a lokaci guda.

Tambayar da za ka fara amsawa

Hanya biyu ce, kuma kowacce da bod ɗin da ya karɓe ta. Ta farko ita ce ka rubuta wasan da kanka daga tushe, ka zana dodanninka, ka tsara dokokinka yadda za su yi kama da na asali. Ta biyu ita ce kwaikwayo: ka rubuta manhajar da za ta sa bod ɗinka ya yi kamar shi ne Intel 8080, sannan ka ɗora masa ainihin ROM ɗin wasan. Ta farko tana lanƙwasuwa, kana iya rage komai har ya shiga ƙaramin bod. Ta biyu ba ta karɓar ragi, KB 8 ɗin nan na RAM dole ne su samu cif. Sannan ROM ɗin mallakar Taito ne har yau, don haka duk wanda zai sayar da abin da ya haɗa ko ya rarraba shi a intanet, hanyar farko ce mafita, da zane da suna nasa na kansa.

Ma'aunan da za a bi

RAM ce ta ɗaya. Lissafinta mai sauƙi ne: faɗi sau tsayi sau adadin bit na kowane ɗigo, a raba da 8, tunda bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Ƙaramin sikirin OLED mai guntun SSD1306, ɗigo 128 sau 64, yana cin bayit 1,024. Sikirin TFT mai guntun ILI9341, ɗigo 320 sau 240 da launi mai bit 16, yana cin bayit 153,600.

Na biyu shi ne saurin tura hoto. Wasan asali yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto guda, da ake kira firam, yana da milisakan 16.7 kacal, kuma a cikinsu za a karanta maɓallai, a yi lissafi, a tura hoto, a fitar da sauti. Sauran ma'aunan su ne farashi, juriya ga kuskuren hannu, sauƙin koyo, yadda bod ke shan wuta daga batir, da wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Arduino Uno da Nano

Guntun ATmega328P ne, mai bit 8, gudun MHz 16, filash KB 32 inda kod yake zama, RAM KB 2, da EEPROM KB 1, ma'ajiyar da ba ta gogewa in an ɗauke wuta. Daga nan maganar kwaikwayo ta ƙare, tunda hoton wasan kaɗai ya ninka RAM ɗin sau uku da rabi. Abin da ya rage shi ne rubutawa daga tushe, kuma hakan yana yiwuwa sosai. Arduboy, ƙaramar na'urar wasa mai ATmega32U4 da RAM KB 2.5, a kan irin wannan OLED ɗin take gudanar da wasanni masu yawa ba tangarɗa.

Sai dai za ka yi tsimi. Ma'ajiyar hoton OLED ta tafi da rabin RAM tun kafin ka rubuta layi ɗaya na wasan. Jerin dodanni 11 a asali yana cin faɗin ɗigo 176, sikirin ɗinka kuwa 128 ne, saboda haka ko dai ka ƙanƙanta su, ko ka koma wajen 8 a layi uku. Kada ka ware wa kowane dodo bayanai nasa daban. Bit ɗaya ya isa ya nuna yana raye ko ya mutu, wato bayit 7 sun ɗauke 55 ɗin duka, sai lamba biyu da ke nuna inda jerin yake. Zanen dodanni ka ajiye shi a filash da PROGMEM, rubutun da za a nuna ka nannaɗe shi da F(), kuma ka guji String gaba ɗaya. Garkuwa kuwa dole ta zauna a RAM domin harsashi yana gutsurarta. A wasan asali kowacce ɗigo 22 ce sau 16, bayit 44, huɗun su ne 176.

In RAM ta cika, Uno ba ya faɗa maka. Sai dai ka ga datti ya bayyana a sikirin, ko bod ya sake tashi da kansa ana tsakiyar wasa. In manhajar Arduino ta nuna cewa abin da ya rage bai kai bayit 300 ba, ka fara ragewa. Ka kuma sani cewa laburaren Adafruit na SSD1306, wato shiryayyen kod ɗin da ke sarrafa sikirin, sai bod ya tashi yake karɓar bayit 1,024 ɗinsa, don haka ba ya fitowa a wancan lissafin, kai za ka cire shi da kanka.

Wajen sayen OLED ka lura da adadin ƙafafunsa, shi ke nuna hanyar da yake magana da bod, I2C ko SPI. Mai ƙafa huɗu I2C ne, kuma a gudun kHz 400 tura hoto ɗaya yana cin milisakan 23 ko fiye, ya riga ya wuce lokacin firam. Mai ƙafa bakwai SPI ne, a MHz 8 abin bai fi milisakan ɗaya zuwa biyu ba. Kuɗinsu kusan ɗaya ne, na SPI za ka nema. Babban TFT kuwa ka bar shi: cika shi sau ɗaya a MHz 8 yana cin sama da milisakan 150, ga shi ƙafafunsa na bolt 3.3 ne, Uno kuma 5 yake fitarwa, sai an sa abin rage ƙarfi a tsakani.

Akwai wata hanya mai daɗi ga wanda yake da tsohuwar talabijin mai bakin AV ruwan ɗorawa. Da laburaren TVout da razista biyu, ohm 1,000 a ƙafa ta 9 da ohm 470 a ƙafa ta 7, Uno zai fitar da hoto fari da baƙi. Ka zaɓi PAL, shi ne tsarin talabijin ɗin Najeriya. Hoto mai ɗigo 120 sau 96 yana cin bayit 1,440, sai wajen 600 su rage maka. Sun isa Pong da Snake, ga Space Invaders kuwa da ƙyar.

Ta fuskar juriya babu kamarsa a cikin ukun. Yana aiki da bolt 5, yana jure kuskuren jona waya fiye da sauran, kuma a Uno mai soket in guntun ya ƙone ana zare shi a sa wani. Adana maki mafi yawa layi ɗaya ne na kod, a EEPROM da ke ɗaukar rubutu har sau 100,000. Na asali yana kaiwa dala 25 zuwa sama, kwafin Nano kuwa bai fi dala 3 zuwa 5 ba. Kwafin yawanci da guntun CH340 yake zuwa, sai an sa masa direba a kwamfuta, kuma in ɗora kod ya ƙi, a gwada zaɓin tsohuwar manhajar tashi a jerin nau'in injin.

Raspberry Pi Pico

Ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4. Guntunsa RP2040 yana da inji biyu na Cortex-M0+ masu kaiwa MHz 133, RAM KB 264, da filash MB 2 a kan bod. Pico W na 2022 ya ƙara Wi-Fi a kan dala 6, Pico 2 na 2024 kuma ya zo da RAM KB 520 da gudun MHz 150 a kan dala 5.

A nan kwaikwayo ya zama abu mai sauƙi. Injin 8080 yana yin bugu kusan 33,000 a kowane firam, Pico a gudunsa na yau da kullum, MHz 125, yana yin sama da miliyan biyu, wato yana da wajen bugu 60 na biyan kowane bugu ɗaya na tsohon injin. Inji ɗaya ya isa wannan har da rara, na biyun sai ya ɗauki hoto da sauti. Wanda ke shakkar ƙarfinsa ya tuna cewa a 2022 Graham Sanderson ya gudanar da Doom a kan RP2040.

Abin da ke kayar da masu kwaikwayon wannan wasa ba umarnan 8080 ba ne, abubuwa uku ne da ke wajen injin. Na farko, na'urar asali tana katse injin sau biyu a kowane firam, RST 1 idan hoto ya kai tsakiya, RST 2 idan ya kai ƙarshe. In ba ka aika su ba, wasan zai tsaya yana jira. Na biyu, akwai wata da'ira ta daban mai gusar da bit, da ake magana da ita ta ƙofofi na 2 da 3 da 4. In ka manta da ita ko ka yi kuskure a cikinta, wasan zai gudana amma zanen da ke motsi zai fito a wargaje. Na uku, sautin ba ya cikin ROM, da'irori ne na daban ke yin sa, ROM ɗin kunna su kawai yake yi. Kai za ka ƙirƙiri sautukan, ka fitar da su ta PWM, wato kunna ƙafa da kashe ta da sauri, ka tace da razista da kafasita, ka kai wa ƙaramin amfilifaya irin PAM8403.

Sikirin ILI9341 in an tsayar da shi faɗinsa 240 ne tsayinsa 320, don haka hoton 224 sau 256 yana shiga ɗigo bisa ɗigo ba a matse komai ba. Ba ka bukatar ma'ajiyar launi cikakkiya. Ka ɗauki layi ɗaya daga ma'ajiyar wasan, bayit 32, ka buɗe shi ya zama ɗigo 256 masu launi, bayit 512, ka miƙa wa DMA, sashen da ke kwasar bayanai ba tare da injin ba, ya tura, kai kuma kana shirya layi na gaba. A nan ne ma za ka sa kore a ƙasa da ja a sama, tunda launin da aka san wasan da shi na leda mai launi ne da aka manna a kan gilashi. Juya hoton kuwa kada ka yi shi da lissafi, ka canza alkiblar rubutun sikirin ɗin a rajistarsa ta MADCTL, ya juya da kansa.

Hoton gaba ɗaya bayit 114,688 ne a kan waya. A SPI mai MHz 62.5 yana cin milisakan 14.7, ya shiga cikin firam. Amma takardar ILI9341 MHz 10 ta yi alkawari, duk abin da ya haura haka tura shi ake yi, kuma dogayen wayoyin biredibod ba sa ɗauka. In ka ga sikirin ya yi fari fat ko launi ya rikice, ka gajarta wayoyin zuwa ƙasa da santimita 10, ko ka sauko MHz 31.25 ka riƙa tura layukan da suka canza kaɗai. A wannan wasa ba su da yawa, domin dodo ɗaya ake gusarwa a kowane firam, wanda shi ne ma dalilin da suke ƙara sauri idan sun ragu.

Inda Pico ya yi wa sauran fintinkau shi ne PIO, ƙananan injuna takwas masu kaɗa ƙafafu a kan lokaci daidai ba tare da sun dami babban injin ba. Da su da razista ohm 270 a kowane launi ake fitar da VGA zuwa tsohon monita, har ma da DVI ta laburaren PicoDVI in an tura gudun zuwa MHz 252.

Lalata Pico da kod abu ne mai wuya, domin manhajar tashinsa a ROM take. Ka danne BOOTSEL, ka jona USB, ya bayyana a kwamfuta kamar filashin USB, ka jefa fayil. Batir 18650 guda yana shiga ƙafar VSYS kai tsaye, tunda tana karɓar bolt 1.8 zuwa 5.5. Rauninsa uku ne. Ƙafafunsa ba sa jure bolt 5. Ba shi da EEPROM, don haka adana maki yana nufin goge KB 4 na filash, kuma a lokacin dole a tsayar da ɗaya injin a kashe katsewa, in ba haka ba bod ya daskare. Sannan yawanci babu ƙafafu a jikinsa, sai ka yi sodar guda 40 ko ka sayi Pico H. MicroPython ya isa Snake da Tetris, amma kwaikwayo sai C.

ESP32

Na kamfanin Espressif ne, ya fito a 2016. Inji biyu masu MHz 240, RAM KB 520, filash MB 4 a yawancin bod, da Wi-Fi da Bluetooth. Farashinsa yana tsakanin dala 4 zuwa 8. A takarda ya fi Pico, kuma wajen lissafi zalla haka ne. Aikin Galagino na Till Harbaum yana kwaikwayon Galaga da Pac-Man da Donkey Kong a kansa, su kuwa duk sun fi Space Invaders nauyi.

KB 520 ɗin nan ba a dunƙule suke ba. An yanka su gida-gida, wani sashe na kod ne, wani tsarin FreeRTOS ya riƙe, kuma guntu mafi girma da za ka iya karɓa a lokaci guda bai fi KB 110 da ɗoriya ba. Shi ya sa neman bayit 153,600 yake faɗuwa alhali bod yana nuna akwai sauran wuri. Maganin shi ne a raba hoton biyu, ko a bi dabarar layi-layi, ko a sayi nau'in ESP32 na WROVER mai ƙarin RAM da ake kira PSRAM. SPI ɗinsa daga MHz 80 sai 40, kuma 40 ne mafi yawan sikirin ke ɗauka, wato milisakan 23 ga cikakken hoton wasan. Ko dai ka tura abin da ya canza kaɗai, ko ka haƙura da firam 30.

Yana da abu biyu da Uno da Pico na asali ba su da su. Akwai DAC biyu masu bit 8, masu mayar da lamba ƙarfin wuta, a ƙafafun GPIO25 da GPIO26, da ke fitar da sauti ko hoton AV mai launi kusan ba tare da ƙarin kaya ba. Akwai kuma cikakken Bluetooth, wanda da laburaren Bluepad32 zai karɓi hannun wasa mara waya. VGA da kibod na PS/2 kuma laburaren FabGL ya tanade su. Ka kula da suna wajen saye: ESP32-S3 da ESP32-C3 ba su da DAC, kuma Bluetooth ɗinsu BLE ne kawai, nau'in mai tsimin wuta, ba cikakken ba.

Ƙafafunsa ne masu tarko. GPIO6 zuwa 11 na filash ne, ba a taɓa su. GPIO34 zuwa 39 na shigarwa ne kawai kuma babu razistan ja sama a cikinsu, wato wanda ke riƙe ƙafa a sama in ba a danna maɓalli ba, maɓallin da aka sa a nan zai riƙa harbi da kansa sai an ƙara masa ohm 10,000. GPIO12 in ta tashi a sama bod ba zai kunnu ba, GPIO0 kuma in tana ƙasa lokacin kunnawa sai ya shiga jiran kod. Wuta ma sai an kula. Yana son tushen da zai ba da mA 500, kuma siririyar wayar caja takan sa ya riƙa sake tashi da zarar rediyonsa ya kunnu. Batir 18650 ba ya shiga kai tsaye: a ƙafar 3V3 cikakken caji na bolt 4.2 ya wuce iyakar 3.6, a VIN kuma regileta AMS1117 yana cinye kusan bolt ɗaya. Sai an ɗaga wutar zuwa 5 da MT3608 ko makamancinsa.

| | Uno / Nano | Pico | ESP32 |
|---|---|---|---|
| Gudu | MHz 16 | MHz 133, inji 2 | MHz 240, inji 2 |
| RAM | KB 2 | KB 264 | KB 520, a rarrabe |
| Ƙarfin ƙafafu | bolt 5 | bolt 3.3 | bolt 3.3 |
| Farashi | dala 3–5 kwafi, 25 zuwa sama na asali | dala 4–6 | dala 4–8 |
| Kwaikwayon ROM | ba ya yiwuwa | yana yi da rara | yana yi da rara |
| Sikirin da ya dace | OLED, AV fari da baƙi | TFT, VGA, DVI | TFT, VGA, AV mai launi |
| Adana maki | EEPROM | filash, da taka-tsantsan | laburaren Preferences |
| Batir 18650 | sai an ɗaga zuwa 5 | kai tsaye | sai an ɗaga zuwa 5 |
| Babban haɗari | RAM ta cika | bolt 5 a ƙafa | ƙafafu masu tarko, ƙarancin wuta |

Farashin nan na dala ne, na naira yana bin canji da kuɗin kawowa, kuma sau da yawa sikirin TFT ya fi bod ɗin kansa tsada.

Abin da ya shafe su duka

Maɓallai huɗu sun isa: hagu, dama, harbi, farawa. Kowanne tsakanin ƙafa da GND, a kunna razistan ja sama na ciki. In kana karanta su sau ɗaya a firam, rawar da maɓalli ke yi lokacin dannawa ba za ta dame ka ba. Kada ka riƙe lokaci da delay(), ka auna shi da micros(). Fawa bank da yawa suna kashe kansu idan abin da ake ja bai kai wani adadi ba, Nano ko Pico da OLED kuwa ɗan kaɗan suke sha, sai ka ga wasa ya mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi ka zaci kod ne. Batir 18650 da bod ɗin caji TP4056 mai kariya ya fi. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jiki yana tara lantarki, don haka ka taɓa ƙarfe kafin ka ɗauki bod, musamman masu bolt 3.3. Abin soda da dalma da mita kuwa ana samun su wurin masu sayar da kayan gyaran waya, irin na Farm Centre a Kano.

Wa ya dace da wanne

Wanda bai taɓa haɗa da'ira ba, ko malamin da zai ba ɗalibai da yawa su yi ta jonawa da cirewa, ya ɗauki Nano ko Uno da OLED na SPI, ya fara da Snake ko Pong kafin Space Invaders ɗin da aka rage. Haka ma wanda burinsa shi ne ya ɗanɗani matsin da masu rubuta wasannin farko suka yi aiki a cikinsa, KB 2 za su koya masa.

Wanda yake son wasan ya fito kamar na 1978, da dodanni 55 da firam 60, ko yake son ya jona tsohon monita na VGA, ko na'urar hannu mai batir ɗaya, Pico ne nasa, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da mafi yawan masu wannan aiki. In bambancin dala ɗaya ne kawai a wurin mai sayarwa, a ɗauki Pico 2.

ESP32 na wanda yake bukatar abin da shi ne ya fi iyawa ne: hoton AV mai launi a tsohuwar talabijin, mutum biyu su kara ta Wi-Fi, hannun wasa na Bluetooth, ko kwaikwayon wasa mai nauyi irin Galaga. Wanda ya zaɓe shi saboda AV ko DAC ya tabbatar ainihin ESP32 ne mai WROOM-32 ko WROVER, ya haɗa da wayar USB gajera mai kauri.